Kazar Ƙarfe a Saman Shagona

Litinin, 6 ga Afrilu, bakwai da rabi na safe

'Yata Zakiyya ta ba ni littafin nan, ta ce in riƙa rubuta mata yanayin sama kullum: rana, gajimare ko hayaƙi. Ni Mudi mai walda, wanda aka sallama daga aji biyu na sakandare domin hedimasta ya ce bencin da nake zama a kai ya fi ni ɗaukar karatu. To, yanayin sama: rana. Aikin yau ya ƙare, sauran shafin nawa ne.

A saman shagona, kan kankaren da na zuba shekara tara da niyyar bene (benen yana nan tafe), mun kafa Kaza. Ni na raɗa mata suna, don fukafukai biyu gare ta amma ba ta tashi. Akwatin ƙarfe ne da bai fi burodi girma ba, fukafukan faifan sola ne, ga siririyar eriya a ka. Kwaikwayon ƙaramin tauraron ɗan'adam ne, aikin Zakiyya na gama jami'a. Na haɗa mata hannun ƙarfe da injin tsohuwar fanka, tana zagaya wani duro a hankali, zagaye ɗaya cikin awa ɗaya da rabi, yadda na gaskiyar yake zagaya duniya. Duron shi ne duniya. Na ce ban taɓa jin an kwatanta duniya daidai kamar yau ba, ga tsatsa ga rami.

Malaminta, Dokta Shekwolo, yana son awon kwana goma sha huɗu, bakwai na safe zuwa biyar na yamma, rana tsantsa. Litinin 27 ga wata zai rufe karɓa. In ba ta kai ba ta maimaita shekara. In damina ta riga mu sauka ma haka.

Tun rikicin da ya faru a bakin gada ranar Asabar unguwarmu Tudun Wada ba ta koma daidai ba. Babba bai ci tuwo a gida ba jiya. Ɗan farinmu nake nufi. Matata Jummai ba ta kama sunansa, ni ma na ari kunyar a wurinta.

Talata, 7 ga wata, bayan azahar

Na tambayi Zakiyya me ake nema a wannan wahala. Ta ɗora ɗan yatsa ɗaya a kan ƙwaya guda ta fiffiken hagu. Ƙwaya guda cikin goma sha biyu. Lambar mita ta zube kamar an tsinke mata igiya.

"Baba, a jere aka haɗa su. Wutar kowacce ta jikin ta gaba take bi. In inuwa ta rufe ɗaya, ta toshe wa sauran hanya."

Na ce kamar masu miƙa bulo hannu da hannu, ɗaya ya tsaya sosa ƙeya duk layi ya tsaya. Ta ce haka ne, sai dai wanda ya tsayan shi bulon yake taruwa a kansa: ƙwayar da ke cikin inuwa zafi take yi, har ta iya ƙonewa. A can sama, in ji ta, tauraron yana shiga inuwar duniya kusan minti talatin da biyar a kowane zagaye, wannan an san da shi, batir ke riƙe shi. Mugun shi ne inuwar jikinsa, kamar wannan eriyar da ba ta kai tsinken tsire kauri ba, in ta gitta kan fiffike. Kuma ba mai hawa ya gyara. Fiffiken dama ta sa masa wasu 'yan abubuwa kamar ƙwayar shinkafa, dayod sunansu, masu ba wuta hanyar kewaye. Na hagu babu. Memorin da ke cikin Kaza yana rubuta bambancin.

Na gyaɗa kai irin na wanda ya gane. Na daɗe da ƙwarewa a wannan.

Rana. Ƙarar harbi biyu daga wajen kasuwa.

Laraba, 8 ga wata, la'asar

Rana. An rufe makarantar Islamiyya, an kori yara gida da gudu.

Alhamis, 9 ga wata, sha ɗaya na safe

Motocin jami'an tsaro uku sun shigo da hantsi. Ba su yi tambaya ba, ba su ɓata hanya ba, gida huɗu suka shiga suka fito da samari huɗu. Ɗayan da gajeren wando, uwarsa tana bin motar da takalminsa a hannu.

Bayan tafiyarsu yaran unguwarmu suka tare wani mai babur a gaban shagona. Wai daga Fadikpe yake, unguwar da suke faɗa da ita. Ban san shi ba. Sun sare shi a kafaɗa da cinya, ya rarrafa ya kama ƙofar da nake haɗa wa wani Alhaji. Maƙwabciyarmu Sista Phoebe, ma'aikaciyar jinya, ta fito da zane ɗaya a ƙirji tana zaginsu da Hausarta ta kudancin Kaduna, har suka ja baya. Ni jarumin unguwa ina bayan janareto ina duba ko akwai mai.

Na wanke ƙofar. Ba ta fita duka ba, fenti zai rufe.

Rana. Kwana huɗu.

Juma'a, 10 ga wata, bayan an sauko masallaci

Nma ya zo. Shi ne babban yaran yanzu. Na san shi tun yana satar guntayen ƙarfe a bayan shagona, yau ga shi da adda a cikin hannun riga da mutum shida a baya.

"Baba Mudi, sannu da aiki. Mene ne wancan yake juyawa a sama?"

"Kaza ce."

"Kaza da eriya?"

"Ta jami'a ce, Nma. Can har kajinsu sun yi boko."

Biyu suka yi dariya, ya waiga suka haɗiye ta. Ya ce tun da aka kafa abin nan ake ɗaukar musu mutane ɗaya bayan ɗaya, kuma sun lura duk inda ya juya fuska nan motoci suke zuwa. Na ce ai ko'ina take juya fuska, aikinta ke nan, har masaina take kallo sau shida a rana ba a zo an kama shi ba. Zakiyya ta sauko da takardunta za ta yi bayani. Ya ce, "Hajiya injiniya, ba da ke nake ba." Ya ba ni zuwa gobe in sauke.

Na bakwai ɗinsu yana can baya yana kallon takalminsa. Takalmin ni na saya da Sallah.

Rana.

Asabar, 11 ga wata, shida na yamma

Ban sauke ba. Da biyar saura suka fara jifa daga titi. Zakiyya tana sama tana shirin cire memori, dutse ya same ta a goshi. Ban san jini yana da yawa haka a goshin mutum ba. Ta sauko tsani da ido ɗaya a rufe, memorin a cikin bakinta don kada ya faɗi.

Sista Phoebe ta yi mata ɗinki huɗu a tsakar gidanmu. Jummai ba ta yi kuka ba, ta haɗa mata kaya kawai, ta ce gidan ƙanwarta a Chanchaga, yau ɗin nan. Sannan ta juyo kaina.

"Malam, ka sauke tsiyar nan."

Zakiyya ta ce, "Umma, kwana shida fa mun samu. Saura takwas."

"Ke da goshi a fashe kike mini lissafi?"

Na ce ita ta tafi, Kaza ta zauna, ni zan kula da ita. Duk suka dube ni, har Sista. Zakiyya ta nuna mini yadda ake sa sabon memori da yadda ake goge fukafukai da tsumma mai laushi, ta maimaita sau uku kamar mai koya wa akuya alwala.

Lahadi, 12 ga wata, biyar da kwata na yamma

Na hau da ganyen ƙofar Alhaji, na tsaya a bakin kankare ta gefen titi, na kare Kaza. Da rana ta karkata suke zuwa, in sun gama barcinsu. Dutse goma sha tara ya daki ƙofar, ko ɗaya bai wuce ni ba. Alhaji ya yi sa'ar maƙeri.

Rana. Kwana bakwai.

Litinin, 13 ga wata, yamma

Rana. Dutse, kwalba biyu, da wani abu a leda da ba zan rubuta ba.

Talata, 14 ga wata, bayan magariba

Na leƙa ta gefen ƙofa in ga ko sun tafi, ba su tafi ba. Dutse ya sami kunnen hagu. Sista ta ce, "Baban Zakiyya, kai ba ya jin magana." Na ce yanzu ai na samu hujja.

An ƙone shagon mai gyaran waya a bakin layi, shi ma wai yana da eriya. An ce an tsinci mutum biyu a kwata bayan makarantar firamare. Jummai ta tafi ta duba. Ta dawo ta wanke ƙafa, ta ce, "Ba shi ba ne," ta shiga ɗaki. Har yanzu tana ajiye wa Babba tuwo a kwano mai murfi, da safe ta ɗumama mini shi. Na yi ƙiba a rikicin nan.

Rana. Kwana tara.

Laraba, 15 ga wata, bayan magariba

Sista Phoebe ta kai wa Zakiyya memori a cikin jakar allurai, farar rigarta kowa yana buɗe mata hanya. Ɗazu waya ta yi ƙara.

"Baba, in ka hau, a ina kake tsayawa?"

"A bakin daga, 'yar nan. Ta gefen titi."

"Titi yana yamma da shago, Baba."

"Tun kafin a haife ki."

"Rana kuma da yamma tana ina?"

Ta ce tun Lahadi, kullum daga ƙarfe uku zuwa biyar fiffiken hagu a mace yake, na dama yana ɗingishi. Ta ce har tana iya ganin lokacin da nake sauka sallar la'asar, minti goma sha biyu wuta ta dawo, sannan ta sake mutuwa. Ni da ƙofar Alhaji mun zauna wa Kaza a kan rana kwana huɗu.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Ba komai, Baba, ka yi ƙoƙari," da muryar da ake yi wa mara lafiya. Na ji tana jan hanci. Kwana huɗun sun tafi, mun koma shida. Saura takwas, kuma kwana goma sha ɗaya ya rage mana.

Yaran Nma da duwatsunsu ba su ɓata ko awa ɗaya ba. Ni na iya.

Alhamis, 16 ga wata, shida da rabi na safe

In na tsaya na kare ta, na kashe ta. In na sauka, ta zama tasu. Na kwana ina juya wannan har kan ya yi zafi, abin da bai saba ba.

Da asuba na hau na goge fukafukai, na sa memori, na ƙara wa fanka man giris. Na ja duro da Kaza can ƙuryar gabas inda jifa daga titi ba ya kaiwa sosai. Na sauko na tada janareto, na yanke tsanin ƙarfen daga sama har ƙasa, na daddatsa shi gida biyar. Shekara tara yana jiran bene.

Jummai ta ce, "To kai ta ina za ka hau?" Na ce ba mai hawa, ta zama tauraro na gaske. Ta ce Allah ya shirye ni. Na ce amin, amma ya bari sai bayan ashirin da bakwai ga wata.

Na ajiye benci a ƙofar shago. Nan ne wurin aikina yanzu.

Juma'a, 17 ga wata, la'asar

Rana. Bakwai jiya, takwas yau. Daga ƙasa kan eriya kawai nake hangowa yana wucewa.

Asabar, 18 ga wata, azahar

Motoci sun dawo, sun ɗauki uku. Ɗayan ya yi gudu. Ba zan rubuta sauran ba, na dai ga inda aka zuba ƙasa a kan wurin.

Rana.

Lahadi, 19 ga wata, yamma

Rana, ɗan gajimare can gabas da bai iso ba. Goma. Babba ya wuce ta gaban shago shi da wasu. Ya rame. Na ce, "Ba a gaisuwa?" Bai juyo ba, amma ya rage sauri.

Litinin, 20 ga wata, yamma

Sha ɗaya.

Alhamis, 23 ga wata, hantsi

Da hannun hagu nake rubutu. Wanda ya ga shafin nan zai ce kazar gaske ce ta bi ta kai.

Talata da ƙarfe biyu suka zo, sun fi ashirin, da taya da galan. An ɗauki ƙanin Nma da safe. Na tashi daga benci na ce, "Samari, in walda ce ku bi layi." Ba wanda ya yi dariya. Suka kunna taya a ƙofar shago, hayaƙi ya tashi baƙi ƙirin, ni kuwa abin da ya zo mini a rai shi ne yau ma ta ɓaci. Ka ji uban kirki.

Nma ya ce ina tsani. Na ce ya tafi ƙauye. Ya mare ni da faɗin adda, na zauna, na sake tashi, don ban san me ake yi bayan wannan ba. Wani ya dake ni a baya da gora. Na riƙe ƙofar shago da hannun dama. Sai na ga Nma ya juya addar ta koma ta kaifi, ya ɗaga ta daidai kaina. Idonsa ba na yaron da na sani ba ne.

Kafin ta sauko wani ya ture shi, ya zari rodi daga tarin da ke bakin ƙofa, ya sauke mini a hannu. Na ji ƙarar kafin zafin, kamar an taka busasshen kara. Na faɗi. Ya tsaya a kaina, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, yana ihu, "Ya faɗi! Shi ke nan, ya faɗi, ku bar shi! Ni zan hau!"

Ba zan rubuta sunan wanda ya ɗauki rodin ba. Jummai tana ƙofar gida ta gani, ita ta yaye shi.

Ya taka ƙarfen tagar shago ya haye. Aikina ne, ba ya lanƙwasa. Ina kwance ina jiran in ji ana farfasa fukafukai. Ban ji ba. Sai ga duro ya faɗo ƙasa da ƙara kamar an harba igwa, sai ga eriya a bayansa. Ya leƙo ya ce, "Na karya bakin munafukar, ba ta ƙara magana!" Suka yi sowa, suka tattake duron, suka ɗauki eriyar suka tafi da ita a sama kamar tuta.

Ƙashi biyu, in ji asibiti. Sun sa filasta har gwiwar hannu. Likitan ya tambayi sana'ata, na faɗa masa, sai ya koma duba takarda.

Jiya Laraba, babu eriya babu komai, motoci suka zo suka kwashe mutum tara, har da Nma. Wataƙila Kaza ta yi musu wasiƙa. An sa dokar hana fita. Babba ba ya cikin taran. Ba ya ko'ina da Jummai ta aika a duba.

Na ce wa Zakiyya a waya iska ce ta karya eriya. Ta ce saura uku, Baba, kuma dole sabuwar ta zama daidai da tsohuwar, tsawo da wuri. Ta turo awon.

Alhamis ɗin dai, biyar na yamma

Ban roƙe ta ba. Ina zaune ina kallon injin walda kamar baƙo, sai Jummai ta fito ta ɗaure zane a ƙugu.

"Nuna mini."

"Me?"

"Abin da kake yi shekara talatin kana cewa wuya gare shi."

Ta riƙe gilashin fuska kamar murfin tukunya. Sau huɗu wayar walda tana manne mata, sau huɗu tana salati. A na biyar ta haɗa ƙarfen da noti. Ɗinkin ya yi kama da tuwon da ya kwana, amma na buga shi a ƙasa bai rabu ba. Na ce ya yi. Ta ce, "Wannan ne?"

Sista Phoebe ta aro tsanin katako daga cocinsu, ita da mijinta suka cicciɓi wani duron suka tura sama. Jummai ta hau, matar da ko kujera ba ta takawa ta ɗauko abu a kan sif. Ina ƙasa ina ba da umarni, ba mai saurare. Ta leƙo ta ce fukafukan lafiya lau, ko tsaga babu. An jingine Kaza a gefe, an kifa mata kwali.

Ta daɗe a sama bayan ta gama ɗaure eriyar. Ta ce tana duba hanya ne.

Juma'a, 24 ga wata, yamma

Rana. Sha biyu. Ba kowa a titi sai soja da awaki. An yi Juma'a a gida.

Asabar, 25 ga wata, yamma

Rana. Sha uku. Hannun yana zugi. Zafin gari irin na gab da ruwa, ko ganye ba ya motsi. Yau Jummai ba ta ajiye kwanon ba, ta juye mini duka tun da fari. Na kasa cinyewa.

Lahadi, 26 ga wata, shida saura na yamma

Tun azahar hadari yake haɗuwa a gabas. Na fito da benci tsakiyar titi na zauna ina harararsa. Wani soja ya ce, "Baba, shiga gida." Na ce ina gadin rana ne. Ya dubi filastar, ya dubi kunnen, ya ƙyale ni.

Duk rayuwata ina cikin masu roƙon ruwa. Yau ni kaɗai a Minna nake roƙon a dakata, kuma ina jin kunyar manoma. Hadarin ya ci rabin sama, amma ta baya ya taso, rana tana gabansa tana gudu. Uku. Huɗu. Huɗu da rabi iska ta fara kwasar leda. Jummai tana kan tsani da agogona a hannu.

Biyar ta cika da rana a kan fukafukai. Ta zare memori ta sa a bakin zane, ta rungumo Kaza ta miƙo wa Sista. Ba ta kai ƙasa ba aka fara yayyafi.

Sha huɗu.

Litinin, 27 ga wata, bayan azahar

Sista ta kai memori da sassafe. Ƙarfe ɗaya Zakiyya ta kira daga ƙofar ofishin Dokta, tana magana tana haki. Ya karɓa. Ya duba kwana goma sha huɗun ɗaya bayan ɗaya, ya sa hannu. Ta ce inuwar eriya kaɗai tana cinye fiye da rabin wutar fiffiken hagu duk sanda ta gitta, na dama kuwa kaɗan yake rasawa, kuma ta gano inda ya kamata a matsar da ita. Na ce ai ni ma abin da na zata ke nan.

An sassauta doka, gobe za ta dawo. Ta ce in ajiye mata littafin nan, za ta kwafi yanayin sama. Sai na nemi reza in cire wasu shafuka, ko in ce akuya ta cinye.

"Baba, muryarka wani iri. Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Mura ce."

"Yaya Mujahid fa? Ya dawo?"

Na ce mata layin yana yankewa. Na ce ban ji ba, ta ƙara faɗa. Ta ƙara faɗa. Na kashe.

Na ce wa Jummai ta ciro mini babbar rigar Sallah, mai faɗin hannun nan, in sa gobe. Ta ce yarinyar da ta gano inda kake tsayawa tun daga Chanchaga, ita za ka ɓoye wa hannu?

Ta dai ciro rigar.